FASHIN BAƘI: Yadda iskar na'urar taimakon numfashi ke ceton rai, da yadda take iya lalata huhu

A farkon watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta fara kankama a Najeriya, shafin Twitter na Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ya aika wa attajirin nan Elon Musk saƙo a bainar jama'a, yana roƙon a agaza wa ƙasar da na'urorin taimakon numfashi 100 zuwa 500. Matasa suka yi wa ma'aikatar caa, aka goge saƙon, aka ce ba da izini aka wallafa shi ba. A cikin watan ne kuma jaridar New York Times ta ruwaito alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa in aka haɗa ƙasashen Afirka 41, na'urorin da ke aiki a cikinsu ba su kai 2,000 ba. A watan Agusta gwamnatin Amurka ta miƙa wa Najeriya guda 200.

Tun daga wancan lokaci adadin waɗannan na'urori ya zama ma'aunin da ake gwada asibiti da shi, har ma da gwamnatin da ta gina shi. Sai dai akwai abin da likitocin sashen kulawa ta musamman, wato ICU, suka daɗe da sani, wanda bai shiga muhawarar ba. Na'urar ba ta warkar da huhu. Lokaci take saya wa majinyaci kafin jikinsa da magani su ci ƙarfin cutar, kuma idan aka kuskure saitinta tana iya ƙara wa huhun rauni har a rasa ran da ake ƙoƙarin cetowa. Sai da likitoci suka shafe shekara talatin da ɗoriya kafin su tabbatar da haka.

Bambancin numfashin mutum da na na'ura

Baligi mai lafiya da ke zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. A kowace shaƙa, iskar da ke shiga ƙirjinsa kusan rabin lita ce, kwatankwacin cikin ledar fiya-wata guda. Wannan adadi na iskar shaƙa ɗaya shi ne za a riƙa kira awon numfashi a wannan rubutu. Likitoci kan lissafa shi da mililita a kan kowane kilo na nauyin jiki, kuma ga mai lafiya yakan tsaya wajen 6 zuwa 8.

Iskar na gangarawa ta maƙogwaro, ta rarrabu cikin rassa, har ta ƙare a wasu 'yan jakunkuna miliyan 300 zuwa 500. A nan oksijin ke ratsawa zuwa jini, gurɓatacciyar iskar kabon kuma ta fito. Tantanin da ya raba iska da jini a wurin bai kai kaurin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, don haka ba ya jure ja.

Mutum jawo iska yake yi. Faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki na yin ƙasa, haƙarƙari su buɗe, iska ta biyo a hankali. Na'ura kuwa turawa take yi, tamkar zuga-zugin maƙeri, ta cikin roba da aka zura a maƙogwaron majinyaci. Mai kula da ita ne ke yanke yawan iskar da za a tura, da sau nawa a minti, da matsin da bai kamata a wuce ba.

Daga hannun ɗalibai zuwa inji

Wannan hanya ta tura iska ta samu karɓuwa ne a birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak a 1952, lokacin wata mummunar annobar shan inna. Cutar na shanye tsokokin numfashi, kuma a makonnin farko na watan Agusta mutum 27 cikin 31 da aka kwantar da irin wannan larura a asibitin Blegdam sun rasu. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro, a sa roba, a riƙa matsa jakar iska da hannu. A ranar 27 ga Agusta aka gwada a kan wata yarinya 'yar shekara 12, ta rayu. Daga nan ɗalibai kimanin 1,500 suka shiga karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakunkunan, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 90 cikin ɗari zuwa wajen 40. Shekara guda bayan haka Ibsen ya buɗe sashen da ake ɗauka a matsayin ICU na farko.

Abin lura shi ne huhun mai shan inna galibi lafiyarsa ƙalau, tsoka ce ta gaza. Haka ma wanda aka sa wa barci don tiyata. A 1963 wani bincike a birnin Boston ya nuna cewa idan ana ba wanda ake yi wa tiyata ƙaramin numfashi, wasu sassan huhunsa kan lotse, oksijin na jininsa ya ragu, babban numfashi kuma na gyara hakan. Sai ya zama al'ada a ba majinyaci mililita 10 zuwa 15 a kowane kilo, kusan ninki biyu na abin da mai lafiya ke shaƙa. Al'adar ta fita daga ɗakin tiyata ta shiga ICU, inda huhun majinyatan ya sha bamban.

Huhun da ya cika da ruwa

A 1967 likitoci a birnin Denver na Amurka, ƙarƙashin David Ashbaugh da Thomas Petty, suka wallafa bayanin majinyata 12 a mujallar Lancet. Cututtukansu daban-daban ne, amma ƙarshensu ɗaya: numfashi sama-sama, oksijin ya ƙi hawa ko an ƙara musu, hoton ƙirji ya yi fari dama da hagu. Wannan larura ita ce ake kira ARDS a taƙaice. Tana iya biyo bayan nimoniya, ko yaɗuwar ƙwayoyin cuta cikin jini, ko mummunan haɗarin mota, ko ƙuna, ko shiga amai cikin huhu. Ita ce kuma ta kwantar da mafi yawan waɗanda korona ta kai ga na'ura. Abin da ke faruwa shi ne tantanin nan siriri ya lalace, ruwa ya tsiyayo daga jijiyoyin jini ya cika jakunkunan iska.

Likitocin wancan zamani sun ɗauka huhun gaba ɗaya ne ya ƙage, don haka sai a ƙara ƙarfin turawa. Illar da suka sani kawai ita ce wadda ake gani ƙarara, wato huhu ya fashe iska ta taru a cikin ƙirji. Alamar farko ta cewa akwai wata ɓoyayyiyar illa ta fito daga ɗakin gwaji. A 1974 Webb da Tierney suka ɗora lafiyayyun ɓeraye a kan na'ura. Ana auna matsin iska ne da tsawon ruwan da zai iya ɗagawa, kuma ɓerayen da aka ba matsin santimita 45 huhunsu ya cika da ruwa, suka mutu cikin ƙasa da awa ɗaya. Babu cutar da ke jikinsu. Waɗanda aka bar wa ɗan matsi a ƙarshen kowace fitar numfashi, don kada jakunkunan su rufe ruf, sun fi samun sauƙi. Wannan ragowar matsi shi ake kira PEEP.

A 1988 Didier Dreyfuss da abokan aikinsa a Paris suka ɗaure ƙirjin wasu ɓerayen da ɗamara yadda ba zai iya buɗewa ba, sannan suka tura iska da matsi mai yawa. Huhun waɗannan bai lalace ba, na waɗanda aka bari ya kumbura son ransa ne ya lalace. Ashe abin da ke ɓarna shi ne yawan miƙewar huhun. Shi ya sa mai busa kakaki ke tara matsi mai yawa a ƙirjinsa ba tare da ya cutu ba, domin tsokokinsa na riƙe da huhun.

A tsakiyar shekarun 1980 kuma Luciano Gattinoni a birnin Milan na Italiya ya duba masu ARDS da na'urar hoto ta CT. Ya gano cewa cutar ba ta cin huhu bai ɗaya. Sashen da ke wajen baya, inda majinyaci ya kwanta, ya jiƙe ya toshe, iska ba ta shiga. Ɗan abin da ya rage a buɗe bai fi huhun yaro ɗan shekara biyar ko shida ba, ya kuma raɗa masa suna huhun jariri. Ke nan duk iskar da aka auna don ƙaton mutum, cikin wannan ɗan sashe take ƙarewa, sau dubbai a yini.

Daga waɗannan bincike aka fahimci hanyoyin da na'ura ke cutarwa. Akwai fashewar huhu saboda matsi, akwai miƙewar jakunkuna fiye da kima, akwai kuma buɗewa da rufewarsu a kowane numfashi, wanda ke cinye tantanin kamar yadda takarda ke yagewa a inda aka yi ta naɗe ta. Ta huɗu ta fi kowacce ɓoyuwa. Huhun da ake ja yana sakin sinadaran kumburi cikin jini, su tafi ƙoda da hanta da zuciya. Da yawa daga masu ARDS gazawar waɗannan gaɓoɓi ce ke zama ajalinsu.

Gwajin shekarar 2000

Rage awon numfashi na da farashi. Ƙaramin numfashi ba ya fitar da iskar kabon sosai, sai ta taru, jini ya ƙara tsami, kuma likitoci an horar da su ne su maido da alƙaluman jini daidai. Keith Hickling a Niyuzilan ya ba da rahoto a 1990 cewa ya ƙyale kabon ya ɗan hau don ya kare huhu, kuma majinyatansa sun rayu fiye da yadda aka yi hasashe. A 1998 Marcelo Amato a Sao Paulo ta Birazil ya gwada a kan mutum 53: kashi 38 cikin ɗari suka rasu cikin kwana 28 a rukunin da aka lallaɓa huhunsu, kashi 71 a ɗaya rukunin. Wasu ƙananan gwaje-gwajen na lokacin ba su ga bambanci ba, don haka gardama ta ci gaba.

Abin da ya raba gardamar shi ne gwajin da wata gamayyar cibiyoyin jami'o'i goma na Amurka ta gudanar da kuɗin gwamnati, aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a watan Mayun 2000. An raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya samu mililita 12 a kowane kilo. Ɗayan ya samu 6, tare da sharaɗin kada matsin da ke cikin huhu a ƙarshen shaƙa ya wuce santimita 30, ana kuma iya ƙara saurin numfashi har sau 35 a minti don rage kabon. Da aka kai mutum 861 sai aka dakatar da gwajin, saboda bambancin ya fito fili. Kashi 39.8 cikin ɗari na rukunin farko sun rasu, na biyu kuwa kashi 31. Wato a duk majinyata 11 da aka rage wa iska, an tsirar da rai guda. An yi shekaru ana gwada magunguna masu tsada a kan ARDS ba a samu irin wannan sakamako ba.

Wani abu cikin sakamakon ya cancanci a tsaya a kansa. A kwanakin farko, rukunin da aka ba babban numfashi ne oksijin na jininsu ya fi kyau. Duk wanda ke tsaye a bakin gado yana duban alƙaluman ranar zai rantse su ne ke samun sauƙi, alhali su ne suka fi mutuwa. Wannan ne ya sa likitoci masu ilimi da kyakkyawar niyya suka daɗe a kan kuskuren, kuma ba a iya gano shi sai da aka ƙirga ɗaruruwan mutane har zuwa ƙarshen jinyarsu.

Gwajin bai tsira daga suka ba. A 2002 wasu masu bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka suka ce mililita 12 ya zarce abin da likitoci da yawa ke bayarwa a lokacin, don haka an jefa rukunin farko cikin haɗari. Ofishin da ke kare haƙƙin mutanen da ake bincike a kansu ya duba lamarin, aka dakatar da wani gwajin gamayyar na ɗan lokaci. A 2003 ofishin ya amince da tsarin gwajin, amma ya ce takardun neman amincewar majinyata ba su yi cikakken bayani ba. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitoci ke bi yau ga masu ARDS ita ce mililita 4 zuwa 8 a kowane kilo, matsi kuma ƙasa da 30. Ga waɗanda ke kan na'ura ba tare da ARDS ba hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba, domin wani gwaji da aka yi a Holan a 2018 bai ga bambanci tsakanin ƙaramin awo da matsakaici ba.

Tsayi ake aunawa

Kilon da ake lissafi da shi ba wanda sikeli ke nunawa ba ne. Huhu ba ya ƙara girma don mutum ya yi ƙiba, girmansa na bin tsayi ne da jinsi. Saboda haka ana auna tsayin majinyaci da santimita, a cire 152.4, a ninka abin da ya rage da 0.91, sannan a ƙara 50 ga namiji ko 45.5 ga mace.

Namiji mai tsayin santimita 170 zai tashi da kilo 66, awon numfashinsa kuma wajen mililita 400. Mace mai tsayin 160 za ta tashi da kilo 52 da 'yan kai, awonta wajen 315. A ce matar nan nauyinta a sikeli kilo 90 ne, aka yi lissafi da shi: za ta samu mililita 540, wato sama da 10 a kowane kilo na ainihin lissafi, yayin da mai saitin ke zaton ya ba ta 6. Bincike ya nuna mata da gajerun mutane ne suka fi faɗawa wannan kuskure, musamman inda ake kintatar tsayi da ido. Tef ɗin awo irin na tela ya isa ya hana faruwarsa.

Sani daban, aiki daban

Shekara 16 bayan gwajin, wani bincike mai suna LUNG SAFE ya duba sassan ICU 459 a ƙasashe 50. Ya gano kusan ɗaya cikin goma na waɗanda ake kwantarwa a ICU na da ARDS, likitoci ba su gane ta ba a wajen kashi 40 cikin ɗari na masu ita, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na samun iskar da ta haura mililita 8. Mafi yawan asibitocin da aka duba na ƙasashe masu hali ne.

Sauran dabarun da aka tabbatar su ma ma'aikata suke buƙata. A 2013 gwajin da Claude Guérin ya jagoranta daga birnin Lyon na Faransa ya nuna cewa kwantar da mai tsananin ARDS rubda ciki na aƙalla awa 16 a yini ya rage mutuwa daga kashi 32.8 zuwa 16. Amma juya mutumin da ba ya cikin hayyacinsa, da roba a maƙogwaro da allurai a jiki, aiki ne na ƙwararru da yawa a lokaci guda. Ga kuma zuƙe majina, da lura da maganin barci, da kare shi daga sabuwar nimoniyar da robar kanta ke jawowa. Shi ya sa ƙa'idar ICU ta tanadi ma'aikacin jinya guda ga majinyaci ɗaya ko biyu.

A Afirka ko gane cutar ma aiki ne. Ma'anar ARDS ta Berlin da aka wallafa a 2012 ta buƙaci gwajin iskar jini, da hoton ƙirji, da kasancewar majinyaci a kan na'ura. Masu bincike a asibitin koyarwa na Kigali a Ruwanda suka maye gurbin waɗannan da ɗan makamin auna oksijin na yatsa da kuma sikanin. A rahotonsu na 2016, kashi 4 cikin ɗari na manyan da aka kwantar a asibitin na da ARDS, rabinsu sun rasu, kuma da ma'anar Berlin aka bi da ba a ƙirga ko ɗaya ba. Sabuwar ma'anar duniya ta 2023 ta karɓi wannan gyara na Kigali don wuraren da ke da ƙarancin kayan aiki.

A lokacin korona, wani bincike da Lancet ta wallafa a 2021 ya bi majinyata sama da 3,000 da ke cikin mawuyacin hali a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, ciki har da Najeriya da Nijar. Kashi 48 cikin ɗari sun rasu cikin kwana 30, alhali matsakaicin adadin duniya bai kai kashi 32 ba. Masu binciken sun danganta ratar da ƙarancin kayan kulawa ta musamman, da kuma rashin amfani da waɗanda ake da su yadda ya kamata.

Abin da ya kamata a tambaya

Sayen na'ura abu ne mai sauƙin nunawa: ana ba da kwangila, a yanke kyalle, a ɗauki hoto. Albashin likitan sa barci, da horar da ma'aikatan jinya, da riƙe su kada su bar ƙasa, ba sa fitowa a hoto, amma su ne ke yanke ko na'urar za ta amfani wanda aka ɗora a kanta.

Don haka idan gwamna ko minista ya sanar da adadin na'urorin da ya sayo, mai bibiyar kasafin kuɗi na da tambayoyin da zai ɗora. Likitoci nawa da ma'aikatan jinya nawa aka horar a kansu, kuma nawa ke bakin aiki da dare? Daga ina oksijin ke zuwa, me ke riƙe na'urar idan an ɗauke wuta, wa ke gyara ta idan ta tsaya? Shin sashen na da rubutacciyar ƙa'idar saiti, ana kuma auna tsayin kowane majinyaci? Sannan cikin waɗanda aka ɗora a kan na'urorin a bara, nawa suka koma gida?

Wanda ɗan'uwansa ke kwance a ICU shi ma yana da damar tambaya cikin ladabi ko an auna tsayin majinyacin, da kuma mililita nawa ake ba shi a kowane kilo. Yanke shawara na likita ne, kuma akwai yanayin da zai sa ya kauce wa adadin da aka saba bisa dalili. Likitan da ya san aikinsa zai iya faɗin adadin, ya kuma bayyana dalilin zaɓensa.